Ai Ya Ga Likita

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Baba ya tashi daga jinya, yana cin tuwonsa, yana faɗa da rediyo kamar yadda ya saba, don haka masu tambaya su kwantar da hankalinsu. Sai dai bai tashi da duk abin da ya kwanta da shi ba. Ina rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa masu riƙe da katin inshorar gwamnati a garin nan na Greensboro, musamman masu raka tsofaffinsu asibiti suna yi musu tafinta da Turancin da suka tsinta a wurin aiki, irina. Kalma ɗaya ce ta ci ƙafar mahaifina, kuma daga bakina ta fito. Zan faɗi laifina ba kwana-kwana. Abin da ba zan yi ba shi ne in ɗauki na wasu in ɗora a kan nawa.

Sunana Rabi, 'yar Gusau ce ni, kitso nake yi a wani shago da ke High Point Road. Baba ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, girma ya cim masa, ya sami katin gwamnati irin wanda ake ba tsofaffi. Mahaifiyarmu ta rasu tun muna gida, saboda haka mu biyu ne a ɗan gidanmu na haya a bayan Wendover Avenue, hawa na biyu. Ba ya kiran sunana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini. Asalin sana'arsa ɗinki, kuma da masaƙa ta sallame shi sai ya koma mata. Kekensa na lantarki ne, amma da ƙafa ake taka fedarsa, kuma Baba da dama yake takawa tun yana saurayi. Rabin kaftanin da ake gani a masallaci ranar Juma'a daga ƙarƙashin wannan ƙafar suka fito.

Ciwon sukari ya daɗe da shi. Shekara biyu muna zuwa wani ƙaramin asibiti kusa da shagonmu, kuma duk zuwan da muka yi mace ɗaya muke gani, wata Baturiya mai suna Helen, doguwa, da farar riga da abin sauraron ƙirji rataye a wuya. Ita ke auna shi, ita ke rubuta magani, ita ke sauya shi in bai karɓe shi ba. Takan durƙusa ta cire masa safa da hannunta ta duba tsakanin yatsu, abin da ni 'yarsa ban taɓa yi ba sai da ta koya mini. Baba ya kasa faɗin Helen, ko kuma ya ƙi, sai ya raɗa mata Halima. Likita Halima. Har "ina kwana" ta koya saboda shi, tana faɗa ko da la'asar muka je.

A jikin rigarta akwai ɗan allo mai sunanta, bayan sunan kuma haruffa biyu, P da A. Na gan su sau ba adadi. Na ɗauka irin haruffan nan ne da masu ilimi ke jerawa bayan sunansu don a san sun sha wahalar karatu. Wata rana na karanta wa Baba su, ya yi dariya ya ce, "To ai babba ce. A gida PA ɗin gwamna ya fi kwamishina faɗa a ji." Muka yi dariyarmu muka wuce.

Mutum ɗaya ce ta taɓa ja mini kunne, Hajiya Mariama, mai shagon da nake aiki, mutuniyar Maraɗi. Ina ba ta labarin kirkin matar, sai ta tsaya da kitson da take yi ta ce, "Ke ɗiya, wagga da kike hwaɗi, kin tabbata dokta ce? Dokta na da lokacin cire ma tsoho safa? Ni dai na hi zaton majo ce." Majo a wajensu shi ne babban malamin asibiti, wanda ke riƙe da ɗakin shan magani, yana yin komai amma bai kai dokta ba. Na ce, "Hajiya, nan Amurka ce, ba kowa ake ba farar riga ba." Ta ce, "To, mu wajenmu ko ginin ma likita muke ce mishi, ba ni da ta cewa." Na ji daɗin amsata ranar, har na maimaita wa Baba da na koma gida. Ina da baki, kowa ya sani, kuma na daɗe ina cin riba da shi kafin ya ci ni.

Abin ya fara ne saura kwana goma a kama azumi, lokacin da ganyen bishiyoyi ya soma ja. Ina ware wanki sai na ga tabo a safar Baba, ƙasa-ƙasa, daidai wurin babban yatsa. Na ce ya miƙo ƙafa. A ƙarƙashin yatsan akwai rami, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, gefensa fari. Wani takalmi ne da ya saya a rangwame ya matse shi, wurin ya yi kanta, kantar ta fashe. Na ce, "Yana yi maka ciwo?" Ya ce, "Ko kaɗan, Uwata. Da ba ki faɗa ba ban san da shi ba." A lokacin na ji sanyi a raina. Daga baya na gane rashin ciwon shi ne cutar, don sukari ya riga ya kashe masa ji a ƙafar.

Washegari muka je asibiti. Helen ta wanke wurin, ta yanke mataccen nama, ta naɗe, ta rubuta magani. Sannan ta ja kujera ta zauna ta yi mini bayani a hankali, tana ƙirgawa da yatsu. Abu biyu ake bukata. Na farko, nas da za ta riƙa zuwa gida sau uku a mako tana wanke ciwon tana lura da shi. Na biyu, takalmi na musamman da ake yi wa masu sukari, mai faɗi, wanda ba ya matse ko'ina. Ta ce katinsa yana biyan duka biyun. Ta auna ƙafafunsa, ta cike takardu a gabana, ta ba mu ranar dawowa wurinta mako mai zuwa. Da za mu fita ta ce mu tsaya a teburin gaba mu karɓi ranar ganin likita. Na ce to. A raina na ce baiwar Allah aiki ya yi mata yawa, ta manta ta riga ta ba mu.

A teburin gaba akwai wata mata da waya maƙale a kafaɗa, tana danna kwamfuta. Ta karɓi takardun, ta duba, ta ɗago ta ce, "Has he seen the doctor?"

Na ce, "Yes. Just now."

Baba ya taɓa ni ya ce, "Me ta ce?"

"Tambaya take ko ka ga likita."

"Ce mata yanzu muka rabu."

Matar ta gyaɗa kai, ta jefa takardun cikin wani tire, ta ci gaba da wayarta. Shi ke nan. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Na sha komawa bakin teburin nan a raina, ina neman inda zan tsaya in ce, wanne likitan kike nufi? Amma yaya zan tambaya, ni da ban san akwai biyu ba? A bakinmu duk wanda ka kai wa ciwo ya duba ya ba ka magani, likita ne. Ba mu da wata kalma.

Mako na biyu muka zauna jiran nas. Kullum da safe kafin in tafi shago nakan wanke ciwon yadda aka nuna mini, in naɗe, in gargaɗe shi kada ya taka ƙasa sai dole. Da muka koma, Helen ta tambaya ko nas ta fara zuwa, na ce a'a, ta ce takardu kan ɗauki kwana goma, mu ƙara haƙuri. Ba ta tambaye ni ko mun karɓi ranar ganin likita ba, ni kuma ban san akwai abin faɗa ba. Wannan laifin nata ne, kuma ta amsa shi da bakinta daga baya. Azumi ya kama, Baba ya ce zai yi. Na hana, ya ƙi. Liman ya karanta masa ayar marar lafiya, ya ce shi lafiyarsa lau. Helen ta ce kada ya yi, nan take ya ajiye. Haka ya yarda da ita.

A mako na uku haƙurina ya ƙare. Na nemo lambar kamfanin da ke turo nas, na kira daga bayan shago, hannuna duk man kitso. Aka bar ni ina sauraron kiɗa har kunnena ya yi zafi, sannan wata ta ɗauka. Ta ce sun san da sunan Baba, amma ba za su turo kowa ba sai sun ga sa hannun likita. Na ce likita ta cike takarda a gabana, da idona na gani. Ta ce wane likita? Na ce Dokta Helen. Na ji tana danne-danne, sannan ta ce mini cikin ladabi, irin ladabin nan nasu da ya fi zagi ciwo, wannan ba likita ba ce, mataimakiyar likita ce. Na ce ta sake dubawa. Ta ce ta duba.

Na bar kan wata mata rabi a tsefe na tafi asibitin da ƙafa. Ban tsaya layi ba, kuma ba na ba da shawarar a yi koyi da ni. Helen ta fito ta ja ni wani ɗaki ta rufe ƙofa. Na ce, ke ba likita ba ce? Ta ce a'a, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Gaskiya ta faɗa, mu muka naɗa ta. Ta nuna mini haruffan nan biyu, ta ce ma'anarsu ke nan, mataimakiyar likita. Ta ce tana da izinin duba marar lafiya, ta rubuta magani, ta sa wuƙa ta yanke nama, kuma katin gwamnati yana biyan duk wannan. Amma takardar turo nas gida da takardar takalmi, katin ba ya karɓar hannunta. Sai hannun cikakken likita, wanda take aiki a ƙarƙashinsa. Shi kuma ba ya sa hannu a kan mutumin da bai taɓa gani ba.

Na ce, to ina yake? Ashe Talata da Alhamis kaɗai yake zuwa. Ashe sunansa ne nake gani a saman takardun da ake ba mu shekara biyu, ina zaton sunan mai ginin ne. Muka fito teburin gaba tare, matar nan mai waya ta duba kwamfuta ta ce a makon da muka fara zuwa akwai gurbi ranar Alhamis, da ta ba mu. Sai ta kalle ni ta ce, amma ke kika ce mini ya gan shi. Ba ta faɗa da mugunta ba. Rana mafi kusa da ta rage sai bayan mako uku da kwana ɗaya, don likitan zai yi tafiya. Helen ta kira shi a gabana, ya ce in ya dawo. Ta ce zuwa lokacin za ta riƙa ganin Baba sau biyu a mako, ta rubuta mini lambarta ta gida a bayan wani kati.

Ina so a tsaya a duba wannan da kyau, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Matar da aka yarda ta sa wuƙa a jikin mahaifina, aka yarda ta ba shi maganin da in ya yi yawa zai kashe shi, ita ce ba a yarda ta ce a ba shi takalmi ba. Ta san ƙafar nan yatsa da yatsa. Wanda bai san ko Baba dogo ne ko gajere ba, shi ne bironsa ke aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tambayi mutum uku a asibitin wa ya kafa wannan doka da kuma dalilinsa, kowa ya ɗaga kafaɗa ya ce haka katin yake.

Daga nan shawarwari suka fara zuwa, don ba a rasa likitoci a cikinmu. Hajiya Mariama ba ta ce "ai na faɗa miki" ba, Allah ya saka mata, sai dai ta kawo kwalbar zuma ta ce a riƙa yin fansaman da ita, wato wankin ciwo da naɗi. Wani abokin Baba ya kawo man habbatussauda. Ƙanen Baba ya kira daga Gusau ya ce shi ya bincika, an ɗauki sawun yayansa ne, aikin maƙiya ne. Na ce, "Baffa, sawu a kan siminti? Garin nan ko ƙasar da kaza za ta tona babu." Ya ce yaran yanzu ba su da kunya, ya kashe waya. Ban sa wa ciwon komai ba sai abin da Helen ta ce. Auduga da bandeji da ruwan wanki ni nake saye, ranakun asibiti kuma ba na kitso, ga Salla tana matsowa, lokacin da mai kitso ke tara na rabin shekara. Ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, ramin ba ya cikewa, faɗi yake ƙarawa, kuma Helen ta kasa gane dalili.

Na gano dalilin a mako na biyar. Wata da zan yi wa kitso ta fasa zuwa, na koma gida da azahar. Tun daga matattakala na ji ƙarar keke. Na buɗe ƙofa a hankali. Ga Baba zaune, tsinin allura na gudu a kan shadda, ƙafar dama da bandejinta a kan feda, yana dannawa da daidai wurin ramin. A gefensa kaya ne a ninke, sun kai kala goma, duk an gama.

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Uwata, mutane sun ba ni yadinsu tun kafin azumi. In ce musu me ranar Salla?"

"Ka ce musu ba ka da lafiya."

"Ai ba ta ciwo."

"Likita ba ta ce kada ka taka ba?"

"Cewa ta yi kada in yi tafiya. Kin ga ina tafiya?"

Ashe kullum ina fita yake hawa keke, ya sauka kafin in dawo, ya share zare. Ashe ranar Juma'a ma cusa ƙafar yake da bandejin cikin tsohon takalmin nan, wani ya zo ya ɗauke shi zuwa masallaci. Da akwai nas mai shigowa gidan sau uku a mako da rana tsaka, da tun ranar farko ta kama shi. Da akwai takalmin, da ba haka ba. Na durƙusa na zare fedar daga jikin keken na sa a jakata, kuma daga ranar da ita nake zuwa shago. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Na ɗaga wa mahaifina murya ranar, abin da ban taɓa yi ba, kuma bai amfana komai ba, don aikin gama ya gama.

Ranar wata Asabar da safe, saura kwana uku mu ga likitan, na kwance bandeji sai wari ya buge ni. Wanda ya taɓa ji ya sani, ba sai na kwatanta ba. Yatsan ya yi baƙi, jan ya hau har idon sawu, jikin Baba zafi rau, yana kiran sunan mutanen da suka daɗe da mutuwa. Na kira lambar da ke bayan katin. Helen ta zo cikin rabin awa, da kayan gida, ba farar riga. Ta gaishe shi "ina kwana", karon farko da ta faɗa a kan lokaci, ta durƙusa ta duba. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce babban asibiti, yanzu, ba anjima ba. Ita ta riƙe shi a ɗaya kafaɗar muka sauko da shi, ita ta kira ta sanar da su muna tafe. Wannan zuwan nata ba a rubuta shi a ko'ina ba, ba wanda ya biya ta. Allah ya biya ta.

A babban asibiti kuwa sai ga likitoci, na gaske, masu cikakken biro. Na ƙirga bakwai a kwana biyu. Mako shida ina neman ɗaya ya sa hannu a kan takalmi, yau ga su suna shigowa biyu-biyu suna ɗaga zane suna kallo. Wani matashi a cikinsu ya tambaye ni me ya sa ba mu kawo shi da wuri ba. Na kalle shi kawai. Da na buɗe baki ranar, da 'yan sanda ne za su fitar da ni. Suka cire yatsan ranar Lahadi. Bayan kwana huɗu suka ce cutar ta shiga ƙashi, kuma jini ba ya isa ƙasa. Babbansu ya zana layi da yatsarsa a ƙaurin Baba, ya ce ƙasa da gwiwa. Ya ce mu gode za a bar gwiwar, kuma na gode, don ban da zaɓi. Katin da ya ƙi yarda da takalmi ya biya tiyata biyu da gadon asibiti na mako uku bai ce uffan ba. A tsakanin tiyatar farko da ta biyu, matar teburin gaba ta kira wayata tana tuna mini muna da ganin likita ranar Talata.

A asibiti muka yi Salla. Mutane suka zo gaishe shi sanye da ɗinkinsa, wasu ba su ma san da wace ƙafa aka yi shi ba. Da hankalinsa ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne ina aka kai ƙafar. Ya ce ba za a ƙone masa ita da shara ba, ƙafar Musulmi ce, ta yi shekara sittin tana zuwa masallaci. An sha cike-ciken takardu, amma dattawan masallaci suka tsaya har aka ba su, suka naɗe ta a farin ƙyalle suka binne a maƙabartar da ake kai mutanenmu. Su ma Allah ya saka musu.

Sai da aka watse na faɗa masa. Na ce, "Baba, ka tuna matar da ta tambaya ko ka ga likita? Wani likitan take nufi. Da na ce a'a, da ranar Alhamis ɗin nan an ba mu komai. Ni na jawo." Na faɗa ina kuka, ba zan ɓoye ba. Ya ce, "Uwata, wa ya ce miki ki ce mata yanzu muka rabu? Ni ne. Wa ya hau keke? Ni ne. Tafinta ba ya ɗaukar zunubin mai magana." Na ce ai ba likita ba ce, Baba, mataimakiya ce. Ya ce, "Wa take taimaka wa? Ni dai ban ga kowa a wurin ba sai ita." Ya yafe mini, amma ni ban gama da kaina ba, kuma ban gama da wanda ya rubuta dokar ba.

Bayan an sallame mu muka je ganin likitan, a keken guragu, don ashe har yanzu hannunsa ake jira. Na shiga da shirin faɗa. Sai na tarar da dattijo mai fara'a, ya miƙe ya gaishe da Baba, ya ce ya yi baƙin cikin abin da ya faru. A bangonsa hotunan dawakinsa ne, an ce a Summerfield, can wajen masu hali, yake da gida. Ban ga ƙaho a kansa ba, kuma wannan ya ƙara ɓata mini rai, don na rasa wanda zan kama. Ya duba dungun, ya duba ƙafar hagu, ya karanta abin da Helen ta rubuta, bai ƙara ko wasali ba, ya sa hannu a takardu biyu. Na duba agogo, minti bakwai. Nas ta fara zuwa a makon, mace mai kirki, tana wanke dungu sau uku a mako ba fashi. Ihu bayan hari.

To 'yan'uwa, ga abin da na saya da tsada, ku karɓa kyauta. In kun raka tsoho asibiti, ku dubi allon da ke jikin rigar mai duba shi, ku tambayi ma'anar haruffan, ba kunya a ciki. In mataimaki ne, ku riƙe shi hannu biyu, wataƙila ya fi kowa sanin marar lafiyarku. Amma ku tambaye shi ƙarara, wace takarda ce katin ba ya karɓa daga hannunka? Ku nemi a haɗa ku da mai biron tun kuna lafiya, ko sau ɗaya ne, ya ga fuskar tsohonku. In kuma aka tambaye ku ko ya ga likita, kada ku amsa sai kun ce wanne. Baba har yau wurin Helen yake zuwa, har yau Likita Halima yake ce mata. Ta yi ta gyara masa har ta gaji. Na mayar masa da fedarsa, yana koyon takawa da hagu, ɗinkin na karkacewa yana warwarewa yana sakewa.

Takalmin ya iso wata biyu bayan tiyata, a cikin kwali, da awon da Helen ta ɗauka ranar farko. Baƙi ne, mai faɗi, mai laushi a ciki. Ƙafa biyu. Sun ce na daman zai yi amfani in an yi masa ƙafar roba, ita ma tana jiran wani sa hannun. Baba ya sa na hagu, ya ɗaure, ya ce lallai an san aiki. Na daman na mayar cikin kwali da takardarsa a cushe yadda ya zo.

Bayan mako guda wata mata ta kira daga kamfanin takalmin, da rana, ina gida. Ta ce suna bin masu karɓar kayansu ne su ji ko sun gamsu, tambaya ɗaya ce, shin duka biyun sun yi masa daidai? Baba na kan keke, ya tsaya ya ce, "Me ta ce?" Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na sa ta maimaita, sannan na fassara masa kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba.

Ya ce, "Ce mata na hagu ya yi daidai. Na dama kuma mai shi ya gaji da jira ya yi gaba, in na iske shi zan tambaye shi."

Na faɗa mata haka, yadda ya faɗa. Ta ce ba ta gane ba, a takardarta e ko a'a kawai ake cikewa.